Kwamfutar da Ke Karatu da Kunne: Yadda Ake Raya Tsofaffin Kwamfutoci Masu Kaset

'Yan uwa ɗalibai, yawancinmu mun tashi mun san kaset a matsayin abin sauraron wa'azi ko waƙoƙin su Shata a rikodar gida. Amma daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa ƙarshen na 1980, wannan kaset ɗin shi ne filas ɗin miliyoyin mutane a Turai da Amurka. Kwamfutocin gida na wancan lokaci, irin su ZX Spectrum da Commodore 64 da suka fito a 1982, da BBC Micro da ta fito a ƙarshen 1981, a kan kaset mafi yawan masu su suke ajiye manhaja, domin na'urar faifai takan kai kuɗin kwamfutar kanta ko ma ta wuce.

Har yau waɗannan na'urori suna aiki a hannun masu kula da su. Wani lokaci sukan faɗo cikin kayan gwanjo da ake shigowa da su daga Turai, ko a same su a sito an jibge su da sunan bola. Idan ɗaya ta faɗo hannunka, hatsari biyu ke jiranka a rana ta farko: ka ƙona ta da wutar da ba tata ba, ko rikoda ta tauna maka kaset ɗin da wataƙila babu kwafinsa a ko'ina. Duka biyun ana iya kauce musu idan ka gane abu guda: bayanin da ke kan kaset sauti ne, kuma kwamfutar auna tsawon lokacin sautin take yi. Duk matsalar da za ka gamu da ita, ko dai sautin bai iso da ƙarfi ba, ko bai iso da tsabta ba, ko bai iso a kan lokaci ba.

Me ke kan zaren?

Kamfanin Philips ne ya fito da kaset a 1963. Faɗin zarensa milimita 3.81 ne, yana tafiya santimita 4.76 a kowace daƙiƙa. An shafe fuskar zaren da garin ƙarfe mai kama maganaɗisu, wanda ɗan uwan tsatsa ne. Idan zaren ya goga a kan karatu, wato abin da masu gyaran rediyo ke kira hed, sai maganaɗisun ya koma 'yar ƙaramar wuta mai hawa da sauka, ita ce muke ji a matsayin sauti.

Kwamfuta kuwa sifili da ɗaya kawai ta sani. Sai aka ba kowanne muryarsa. A watan Nuwamba na 1975 mujallar Byte ta tara masu ƙera ƙananan kwamfutoci a birnin Kansas na Amurka, suka amince da tsari guda: sifili shi ne kaɗawa huɗu na sauti mai kaɗawa 1,200 a daƙiƙa, ɗaya kuma kaɗawa takwas na sauti mai 2,400. Wannan yana ba da bit 300 a daƙiƙa. BBC Micro ta ɗauki muryoyin nan biyu, ta rage yawan kaɗawar, ta kai bit 1,200 a daƙiƙa.

Spectrum ta bi tata hanyar. A wurinta sifili kaɗawa ɗaya ce gajera, kusan rabin kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, ɗaya kuma kaɗawa ce mai ninki biyu na wannan tsawon. Aikin kwamfutar shi ne ta ƙirga lokacin da ya wuce tsakanin hawan sauti da saukarsa, ta yanke hukunci: gajere ko dogo. A matsakaici tana karanta bayit kusan 170 a daƙiƙa. Hoton allo guda, mai bayit 6,912, yana cin daƙiƙa arba'in, wasa mai cika kilobayit 48 kuma kusan minti biyar.

To, yi wannan lissafin da kanka. Milimita ɗaya na zare yana wucewa ta kan hed a cikin kashi 21 cikin dubu na daƙiƙa, wato yana ɗauke da bit kusan talatin. A waƙa, idan zare ya ɗan lanƙwashe milimita ɗaya, da ƙyar kunne zai lura. A manhaja kuwa bayit uku ko huɗu ne suka tafi, kuma bit ɗaya tak ya isa ya rushe lodin minti biyar. Shi ya sa rikodar da ke rera waƙa lafiya lau take iya gaza loda manhaja.

Kafin ka jona wuta

Kar ɗoki ya sa ka kunna ta kafin ka ɗauko mita. Na'urorin Ingila da Turai an yi su ne don wuta irin tamu, bolt 220 zuwa 240. Amma na Amurka na bolt 120 ne, idan ka jona kai tsaye sai dai labari. Karanta takardar da ke jikin adaftar tukuna.

Spectrum mai kilobayit 16 ko 48 tana shan bolt 9, amma tsakiyar bakin jak ɗinta nagatif ne, alhali mafi yawan adaftocin da ke kasuwa tsakiyarsu fozitif ne. Bakin zai shiga daidai, kuma babu abin da zai kare na'urar idan wutar ta juye. Daga bolt 9 ɗin nan ne take samar da bolt 5, da 12, da nagatif 5 da ƙwayoyin RAM samfurin 4116 suke buƙata. Idan ɗaya daga cikin ukun ya ɓace, ƙwayoyin na iya lalacewa, don haka ka auna su a kan allon ciki da zarar ka kunna, idan babu ɗaya ka kashe nan take.

Commodore 64 matsalarta adaftarta ce ta asali, wani baƙin tubali da aka cika cikinsa da danƙo mai tauri. Tana fitar da bolt 5 da kuma bolt 9 mai kai-kawo. Idan ta tsufa, bolt 5 ɗin yakan haura, ya ƙona RAM. Auna kafin ka jona. Idan ka ga ya wuce 5.2, ajiye ta, nemi wata. BBC Micro kuma a cikin sashen wutarta akwai kafasito samfurin RIFA da kan tsage saboda tsufa, ya fashe da hayaƙi mai wari. Mafi yawan lokaci abin tsoro ne kawai, amma a canza su kafin a kunna ya fi. Wannan sashen yana riƙe wuta ko bayan an zare fulogi, saboda haka ka yi aikin tare da malamin wokshof. Kuma ga yadda wutar NEPA da ta janareto suke a wurinmu, sa sitabilaiza a tsakani. Rigakafi ya fi magani.

Doka ta ƙarshe a nan: kar ka soka ko ka zare wani abu daga bayan na'urar tana kunne, har da rikodar Commodore, domin daga jikin kwamfutar take shan wuta.

Ka saurara, ka kuma duba allo

Kwamfutocin nan suna gaya maka abin da ke damunsu, in ka san yarensu. A Spectrum idan ka rubuta LOAD "" ka danna rikoda, kaset yana farawa da wani dogon kuka mai murya ɗaya na kusan daƙiƙa biyar, gefen allon ya cika da layuka ja da shuɗi-shuɗi mai haske. Wannan sallama ce, kwamfutar na gane cewa bayani na tafe. Sai ɗan gajeren tsaki mai ɗauke da sunan manhajar da tsawonta, layukan su koma shuɗi da rawaya. Sai kuka na biyu na daƙiƙa biyu, sannan ainihin bayanin. A ƙarshe akwai bayit guda na tantancewa. Idan lissafin kwamfutar bai zo daidai da shi ba, ko sautin ya yanke a hanya, sai ta rubuta "R Tape loading error".

Daga nan za ka iya rarrabe cutar. Idan layukan ba su fito ba sam, sauti bai iso ba: duba waya, duba ko a ramin EAR ka soka, ƙara murya. Idan layuka ja sun fito amma suna yankewa, sauti ya yi rauni ko gudun zare ba ya tsayawa wuri ɗaya. Idan suna ya fito da haruffan shirme, yawanci hed ne ya yi datti ko ya karkace. Tambaya mafi amfani ita ce: a ina yake faɗuwa? Idan kullum a wuri ɗaya ne, laifin zaren ne. Idan yau nan gobe can, laifin rikoda ne ko waya. Idan duk kasusuwanka sun ƙi, ka bar zargin kaset.

Commodore tana da tata rikodar, Datasette, wadda ba ta da makunnin murya, domin a cikinta ake mayar da sautin zuwa bugun lantarki kafin ya isa kwamfuta. Tsarinta na asali yana rubuta kowace manhaja sau biyu a jere, ta yi amfani da kwafi na biyu wajen gyara kurakuran na farko. Hakan ya sa ba ta wuce bayit hamsin a daƙiƙa, shi ya sa masu sayar da wasanni suka ƙirƙiro hanyoyin lodi masu sauri, waɗanda su ne suka fi saurin fushi idan hed ya karkace. Kuma kar ka tsorata idan allonta ya share lokacin lodi. Da gangan take kashe hoton, don sashen hoto kar ya katse wa ƙwaƙwalwar ƙirgen lokaci.

BBC Micro ita ce mai sauƙin kai. Tana yanka manhaja gunduwa-gunduwa, bayit 256 kowace, kowace da lambarta da abin tantance ta. Idan ɗaya ta lalace sai ta rubuta "Data?" ko "Block?" ta ce ka mayar da zare baya. Ka ɗan mayar kaɗan, ta ci gaba daga inda ta tsaya.

Gyara: daga mai arha zuwa mai tsada

Ka bi matakan nan a jere, kuma abu ɗaya za ka canza kafin kowane gwaji. Wanda ya taɓa abu uku lokaci guda, ko ya yi nasara bai san me ya gyara ba. Sannan duk gwajin farko ka yi shi da kaset ɗin da ba ka damu da shi ba.

Na farko, murya. Ga Spectrum, kai ƙarar rikoda wajen kashi uku cikin huɗu, ka ƙara kaifin sauti, ka rage ganga, ka kashe Dolby in akwai. Idan murya ta yi ƙasa kwamfutar ba za ta ga hawa da saukar ba, idan ta yi yawa kuma sautin zai murɗe. 'Yar ƙaramar rikoda mai lasifika ɗaya ta fi babbar sitiriyo dacewa da wannan aiki. Idan da batir take aiki, sa sabo, domin batir mai rauni yana rage gudun moto.

Na biyu, tsabta. Jiƙa auduga mai tsinke da sinadarin aisofurofil, ka goge hed da siririyar sandar ƙarfen da ke jan zare har audugar ta daina fitowa da launin ƙasa. Tayar robar da ke matse zaren a jikin sandar kuma goge ta da tsumma mai ɗan danshin ruwa. Ka bari su bushe. A ƙasarmu ta ƙurar hunturu wannan aiki na yau da kullum ne, kuma tsohon kaset guda yana iya sake ɓata hed a juyi ɗaya.

Na uku, bel. Roba ce ke haɗa moto da tayar da ke juya sandar. Bayan shekara arba'in ko dai ta saki, ko ta narke ta zama kamar kwalta. Alamarta a kunne take: dogon kukan farkon nan da ya kamata ya tsaya cak, sai ka ji yana lilo. Ka tuna kwamfutar lokaci take aunawa. Idan gudu ya ɗan ragu gaba ɗaya takan jure, amma idan yana hawa yana sauka, gajere yakan yi kama da dogo. Auna tsohon bel ɗin da zare, ka je wurin tsofaffin masu gyaran rediyo a kasuwa. Su suka san wannan ƙarfen ciki da bai, kuma sau da yawa suna da matattun rikodoji da za a ciro kaya. Robar ɗaure kuɗi ba ta yin bel, tana miƙewa tana komawa.

Na huɗu, tsayuwar hed, kuma a nan mutane suka fi ɓata abu. A fuskar hed akwai wata siririyar tsaga da dole ta tsaya a miƙe, ta gitta zaren daidai. Kaɗawa guda ta sifilin Spectrum ba ta kai kashi uku cikin ɗari na milimita ba a kan zare. Idan tsagar ta karkace ko kaɗan, samanta zai riƙa karanta hawan sauti yayin da ƙasanta ke karanta saukarsa, su kashe juna. Sautuka masu kaifi su ke fara ɓacewa, sai kaset ya koma kamar mai magana ta cikin bargo. A gefen hed akwai ɗan sukuru mai sifirin a ƙarƙashinsa, a rikodoji da yawa, har da Datasette, akwai 'yar huda a murfi da ake kai masa ta ciki idan an danna maɓallin kunnawa. Yi alama a inda yake kafin ka taɓa. Sa sukudireba marar maganaɗisu, ka juya kaɗan-kaɗan, kar ka wuce rubu'in juyi a lokaci guda, kana saurare har sautin ya kai iyakar kaifinsa. In kuna da osilosikof a lab, nemi inda igiyar ta fi tsayi. Ka zare sukudireban kafin ka danna tsayawa.

Ga wani abin lura: kaset ɗin da aka ɗauka a gida da rikoda mai karkataccen hed, shi ma a karkace aka rubuta shi. Don ka karanta shi sai ka karkata naka hed ɗin ya yi daidai da na wancan, in ka gama ka mayar da shi kan alamarka.

Na biyar, kaset ɗin kansa. Kafin ka kunna tsohon kaset, leƙa ta tagarsa. Idan ka ga farin fumfuna kar ka sa shi a rikoda. Juya shi da biro ka ji ko yana tafiya sumul, sannan ka tura shi gaba har ƙarshe ka dawo da shi, don zaren ya saki jiki. Duba tsakiyar bakinsa: akwai ɗan matashin soso da ke danna zare a jikin hed. Gam ɗinsa yakan bushe ya faɗi, kuma in babu shi sautin zai dushe ko rikodar sabuwa ce. Ana manna wani, ko a kwashe zaren a mayar cikin kwanson wani kaset mai sukuru. Ka kuma ɓalle 'yan kunnuwan da ke saman kaset ɗin, don kar hannu ya kuskure ya danna ɗauka.

Idan kai ne za ka ajiye

Farkon kowane kaset akwai zare fari ko garai-garai wanda ba ya ɗaukar komai, juya ka wuce shi kafin ka fara. Yi amfani da kaset na talaka, gajere. C90 da C120 zarensu siriri ne, yana miƙewa, shi ya sa a wancan zamani ake sayar da C10 da C15 musamman don kwamfuta. A Spectrum zare wayar EAR lokacin ajiya, in ba haka ba sautin zai zagayo ya gurɓata kansa. In ka gama, yi amfani da umarnin VERIFY kafin ka kashe, kuma ka ajiye sau biyu. Kaset kuma a nesanta shi da lasifika, da talabijin mai ƙeya, da rana, da cikin mota.

Kwafe shi tun yana magana

Duk gyaran nan sayen lokaci ne kawai, zaren tsufa yake yi. Ranar da kaset ya lodu, ranar za ka kwafe shi, a bari ya huce shi ke kawo rabon wani. Haɗa rikoda da laftof, buɗe Audacity, ka ɗauka a 44,100, bit 16, layi ɗaya, ka ajiye a WAV. Kar ka mayar da shi MP3, kuma kar ka tura shi a matsayin saƙon murya na WhatsApp, domin matse sauti yana zubar da abin da kunne ba ya ji, wanda kuma kwamfuta ke aunawa. A cikin Audacity za ka ga gajeru da dogayen kaɗawar da idonka, ka ga daidai inda sautin ya nutse, wani lokaci ma ka ɗaga wurin ka ceto manhajar. Daga nan ana mayar da shi fayil irin su TAP ko TZX, a gwada a manhajar kwaikwayo: Fuse ga Spectrum, VICE ga Commodore, BeebEm ga BBC Micro.

Tunda sauti ne, komai na iya kunna shi. A Holan har ta gidan rediyo aka riƙa watsa manhajoji da tsarin BASICODE, mutane na ɗauka a kaset a gida. Yau kana iya loda Spectrum daga wayarka. Sai dai muryar waya da yawa ba ta kai ƙarfin da take so ba, sai ka sa 'yar amfilifaya a tsakani. Kuma sa wayar a yanayin jirgin sama, don saƙo ɗaya ya shigo a minti na huɗu, ka koma farko. Akwai kuma na'urori irin su TZXDuino da Tapuino, da ake haɗawa da Arduino da katin SD su maye gurbin rikoda. Ga mai neman furojet na ND ko HND a lantarki, wannan aiki ne da ya haɗa rubuta manhaja, da ƙirgen lokaci, da dalma.

Wani zai ce, me ya kai mu wahala da kwamfutar da wayar hannu ta ninka ta sau dubbai? Amsar ita ce a waya komai a rufe yake, a nan kuwa kana jin bit da kunnenka, kana ganinsa a osilosikof, kana gyara shi da sukudireba. Ƙwaƙwalwar Spectrum, wato Z80 da ta fito a 1976, tana gudanar da umarnin 8080, 'yar gida ɗaya da 8085 da ake koyarwa a darasin maikurofurosesa, kuma sai a 2024 kamfanin Zilog ya daina ƙera ta. Kamfanin Acorn da ya yi BBC Micro shi ne ya ƙera ARM ta farko a 1985, zuriyarta ce ke cikin wayar da ke aljihunka. Da tsohuwar zuma ake magani. Idan ka ci karo da ɗaya a sito ko a wurin 'yan gwangwan, kar ka bari a fasa ta don tagulla. Ɗauko mita, auna wutar tukuna, sannan ka saurari abin da kaset ɗin zai gaya maka.